Maman Kati da Tsoho Mai Murmushi

Duk wanda ya taɓa zuwa babban asibitin gwamnati da ƙafarsa ya san tagar kati, wanda kuwa ya san tagar ya san matar da ke zaune a bayanta. Taga ce 'yar ƙarama mai sandunan ƙarfe, katakon gabanta ya sha gwiwar hannun jama'a har ya yi santsi. Ciki kantoci ne maƙare da fayil har rufi, da fanka mai kukan da ya fi iskarta yawa, da kujera mai gajeriyar ƙafa ɗaya wadda aka tallafe da ninkakken kwali. Matar kuma Maman Kati ake ce mata. Likitoci haka suke kiranta, masu shara ma haka, har mijinta in yana jin tsokana haka yake ƙwala mata kira daga tsakar gida.

Tana budurwa ta shiga ɗakin nan. A bayan tagar ta yi aure, ta yi goyo, ta yaye, ta aurar, har furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali. Faɗa ne da ita, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Ta tambaye ka shekarunka ka tsaya sosa ƙeya, sai ta ajiye biro ta ce, "Kai da aka haifa ba ka sani ba, ni da na gan ka yau zan sani?" Amma ita ce dai za ta rufe tagar, layi na ta gunaguni, ta kama hannun wata tsohuwa ta kai ta har ƙofar ɗakin gwajin jini, ta dawo tana yi wa masu gunagunin faɗa.

Kati ɗaya ne hannunta ba ya son rubutawa, wanda ake sa "ba a sani ba" a gurbin suna. Irin wannan katin na mutanen da aka tsinto ne. Wani mota ta buge shi ba takarda a aljihu, wata ta yanke jiki ta faɗi a tasha, wani kuma tsoho ne ya fito daga gida hanyar komawa ta ɓace masa. Idan sun farfaɗo sun faɗi inda suka fito, to, an gode Allah. Idan kuwa rai ya yi halinsa kafin nan, ƙa'ida ita ce a ajiye gawa na wani lokaci, in ba wanda ya zo, asibiti ya sa ma'aikatansa su kai ta can ƙarshen maƙabarta su rufe. Maman Kati kan ce ba mutuwar ce ke ci mata rai ba, kowa ma tafiya zai yi. Abin da ke ci mata rai shi ne a wani gida ana nan ana rufe wa mutumin nan abincinsa, ana leƙen ƙofa.

Da zamanin manyan wayoyi ya zo, babbar 'yarta ta sayo mata ɗaya. A daidai lokacin ne shugaban asibiti ya ce a buɗe wa asibitin shafi a dandalin sada zumunta, kamar yadda kowace hukuma ke yi. Da yake aikin ba alawus a ciki, kowa ya sulale, kayan suka faɗo kan Maman Kati. Rubutunta kam sai haƙuri. Yatsunta masu kauri ne, ta nufi harafi ɗaya ta danne biyu, ba waƙafi ba aya. Amma abin da take rubutawa shi mutane ke nema. Yau ta ce likitan ido ba ya nan, kada kowa ya sha wahalar zuwa. Gobe ta ce ana neman jini ga wata mai haihuwa, mai hali ya taimaka. In wani ya yi rashin kunya a ƙasan saƙon, ta ba shi amsa daidai da shi, sauran su yi ta dariya.

Idan kuma aka kawo mai katin "ba a sani ba", sai ta je gadonsa, ta nemi izinin babbar nas, ta goge masa fuska da tsumma mai laima, ta gyara masa wuyan riga, ta ɗauke shi hoto daga kafaɗa zuwa sama. Sannan ta rubuta abin da idonta ya gani: tabo a goshi, haƙorin gaba ɗaya babu, yana yawan kiran sunan wane. Kafin ta koma tagarta direbobi sun tura wa 'yan kasuwa, 'yan kasuwa sun tura wa matan gida. Ba kullum ake dacewa ba. Amma sau da yawa kafin rana ta faɗi sai ka ga wasu sun shigo a guje, waya a hannu, suna tambayar ina Maman Kati. Jama'a suka taru a shafin nan har ita kanta ta daina sanin yawansu.

Ana nan sai wake ɗaya ya ɓata gari. A wata hukuma daban wani ma'aikaci ya yi amfani da shafin ofis ya zazzage wa wani mai ƙorafi kwandon zagi. A wata kuma 'yan damfara suka buɗe shafi da tambarin gwamnati suna sayar wa matasa aikin da babu shi. Abin ya yi muni, Maman Kati ma ta yi Allah wadai. Sai dai maganin da ya sauko daga sama irin na wanda ya ga ƙwarƙwata a riga ne ya cinna wa rigar wuta. Aka ce daga yau kowace ma'aikata shafi ɗaya, murya ɗaya. Duk shafukan asibitoci a rufe su, a haɗe su ƙarƙashin wani sabon sashe a hedkwatar ma'aikatar lafiya.

Aka tara masu kula da shafuka a wani zaure mai sanyin na'ura. Shugaban sabon sashen matashi ne tsaf-tsaf, yana magana yana nuna akwatuna da kibiyoyi a jikin farin allo. Saƙo zai taso daga asibiti, shugaban asibiti ya sa hannu. Saƙon ya zo hedkwata mai duba rubutu ta duba. Mai tsara hotuna ya zuba shi cikin gurbi mai launin ma'aikata da tambari. Shi shugaba ya amince, sannan a ba saƙon rana a jadawali. Don kowace rana da abin da ake sawa a cikinta: akwai ranar jawabin manya, akwai ta nasarori, akwai ta shawarar likita, akwai ta gaisuwar ƙarshen mako, sai kuma ranar sanarwa.

Maman Kati ta ɗaga hannu, ba ta jira an ba ta dama ba.

"Ranka ya daɗe, wanda aka tsinto ba suna fa? Shi bai san jadawali ba."

Zauren ya ɗauki dariya, shi ma ya murmusa. "Akwai tsari, Mama."

"Na ji akwai. Ina dai fatan tsarin yana da ƙafa."

"Akwai tsari," ya sake cewa, ya juya ga allonsa. Daga ranar ta raɗa masa Mai Tsari, sunan kuwa ya bi shi har ofishinsa.

Kafin a tashi kowa ya miƙa lambobin sirrin shafinsa, kowa kuma ya sa hannu cewa ba zai sake fitar da wani abu da ya shafi aiki ba sai ta hedkwata, wanda ya saɓa ya kuka da kansa. Saƙon ƙarshe da ya fito a shafin asibitin ba ita ta rubuta shi ba, ga waƙafi ga aya, yana cewa kowa ya koma sabon shafi. Jama'a suka bi, don sun ɗauka Maman Kati ce ta yi ƙaura. Suka je suka tarar da manya suna yanka ƙyalle da almakashi, manya suna gaisawa da manya, manya suna kallon wata na'ura suna gyaɗa kai. A ƙasan hoton wani bawan Allah yana tambaya ko likitan ido ya dawo, ba wanda ya tanka masa.

Tsohon da wannan labari ya rataya a kansa masu sharar titi ne suka tsinto shi a bakin kwalbati, zazzaɓi ya cinye shi, ƙafafunsa sun kumbura don tafiya. Dogo ne siriri, rigarsa ta tsufa amma karin guga bai gama ɓacewa a hannunta ba. Aljihunsa ba komai sai hankici a ninke. Aka kwantar da shi a gadon ƙarshe na ɗakin maza. Da zazzaɓin ya sassauta ya buɗe ido, amma tsufa ya riga ya taɓa kai: bai san sunansa ba, bai san unguwarsu ba. Abu biyu ne suka rage masa. Duk wanda ya gifta sai ya kama masa hannu ya ce, "Auta ta dawo?" Sannan hannuwansa ba sa zama. Duk ƙyallen da ya samu sai ya shimfiɗa shi a cinya, ya shafe shi da tafin hannu, ya haɗa gefe da gefe, ya ninke shi tsaf kamar za a kai wa mai shi. Ya ninke tawul ɗin maƙwabcinsa, ya ninke zanin gado, har mayafin wata mai jinya da ta ajiye ta shiga banɗaki bai tsira ba. Ma'aikatan ɗakin suka sa masa Baba Mai Ninki.

Likita ya ɗora abin awo a ƙirjinsa, ya daɗe yana sauraro, sannan ya ce wa babbar nas, "In yana da mutane, yanzu ne lokacin zuwansu."

Babbar nas ta aika aka kira Maman Kati. Ta zo ta yi yadda ta saba, ta goge masa fuska, ta gyara wuyan riga, ta ɗauki hoto. Ta rubuta cewa dogo ne siriri, yana ninke duk ƙyallen da ya gani kamar mai wanki da guga, yana kuma cigiyar Auta. Da a da ne, kafin ta fita daga ɗakin maza saƙon ya zaga gari. Yanzu kuwa ta kai wa shugaban asibiti. A yi masa adalci, a ranar ya sa hannu. Saƙo ya tafi hedkwata, daga nan shiru kamar an jefa dutse a rijiya.

Kullum da hutun rana sai ta leƙa gadon ƙarshe.

"Sannu, Baba. Yaya jikin?"

"Auta ta dawo?"

"Tana hanya, Baba."

Ba ƙarya take masa ba, a ranta ta yarda tana hanyar. Amma ranar sanarwa ta zo ta wuce, abin da ya fito a shafin sanarwar ɗage wani taro ne. Numfashin tsohon kuma ya fara yin sama-sama. Washegari Maman Kati ta bar wa abokiyar aikinta tagar, ta hau motar haya ta nufi hedkwata.

Ofishin sabon sashen a bene yake, ƙasa da darduma, bango da manyan allunan talabijin masu nuna yawan waɗanda suka kalli kowane saƙo. Ta tarar da mai duba rubutu, wata yarinya mai farin tabarau wadda ba ta wuce sa'ar autarta ba.

"Sannu da aiki, 'yar nan. Na biyo sawun saƙona ne."

"Sannu da zuwa, Mama. Daga wane asibiti?" Ta danna kwamfuta ta yi ta gangarawa. "Ga shi nan, yana layi. Hoton ne ya tsayar da shi. Ƙa'ida ta hana a sa fuskar majinyaci sai da sa hannunsa ko na danginsa."

"Shi sunansa ma bai sani ba, balle ya sa hannu. Dangin kuwa ai su muke nema."

Yarinyar ta cire tabarau ta murza ido. Kallo ɗaya za ka yi mata ka san ta gaji. "Na gane, Mama, wallahi na gane. Ni rubutu kawai nake dubawa, ga na duk asibitoci jibge a gabana."

"To ina shugaban naku?"

"Ya raka manya buɗe wani gini. In ya dawo zan same shi da kaina. Ranar sanarwa mai zuwa zai fito, na yi miki alkawari."

Yarinyar kuwa ta cika alkawari, shi ne ma abin takaicin. Ranar sanarwa da hantsi babbar nas ta zo bakin taga, ta zuro wayarta ta tsakanin sanduna. Maman Kati ta karɓa ta duba. Ga launin ma'aikata, ga tambari, ga hoton wani tsoho kumatu cike, gemu fari fat an taje shi, haƙora reras, riga sabuwa, bayansa furanni, yana murmushi kamar an ce masa jikarsa ta haihu. A ƙasa an rubuta: "Ana cigiyar dangin wani dattijo da ke samun kulawa ta musamman a ɗaya daga cikin asibitocinmu. Lafiyarku ita ce burinmu." Can a kusurwa, da rubutun da bai kai ƙafar tururuwa ba, an sa "hoton misali".

Ta kira Mai Tsari a take, mutane na tsaye a layi suna ji.

"Ranka ya daɗe, wannan uban waye kuka sa?"

"Hoton misali ne, Mama. Gurbin sanarwa ba ya fita sai da hoto, naki kuma ba izini, ga shi da duhu. Shi ne mai tsara hotuna ya ɗauko wannan a rumbun hotuna. An rubuta a ƙasa ai."

"Cigiya ce fa! Mai neman ubansa fuska zai duba ko kusurwa? Ina ninkin da na rubuta? Ina Auta?"

"Gurbin ba ya ɗaukar dogon rubutu. Amma ki duba yadda jama'a suka karɓe shi. Tunda muka buɗe shafin nan ba saƙon da ya samu karɓuwa irin wannan."

Gaskiya ya faɗa. A ƙasan hoton mutane sai zubo addu'a suke. Wannan ya ce Allah sarki Baba, wancan ya ce tsoho mai kyau haka a bar shi ya ɓace, wata ta ce Allah ya haɗa shi da nasa.

"To ku cire wannan ku sa na gaskiya."

"Saƙon da ya riga ya fita ba a taɓa shi sai an zauna. Ki rubuto, Mama, akwai tsari."

Ka ji fa. Mutane masu ilimi, masu albashi, ba mugu ko ɗaya a cikinsu, kowa ya yi aikin da ke akwatinsa daidai, suka haɗu suka yi cigiyar mutum da fuskar wani. Garin neman gira aka rasa ido, kuma ana tafa wa girar.

Maman Kati ba ta rubuto ba. Ta shiga ƙasan saƙon inda jama'a ke tofa albarkacin bakinsu, ta manna hoton Baba Mai Ninki, ta ce wannan ne na gaskiya. Kafin ta sallami mutum biyu an goge shi. Ashe gogewa ba ta bin jadawali, ba ta jiran sa hannun kowa. Washegari da safe masinja ya kawo mata takardar tuhuma, wai ta bayyana dalilin da zai hana a hukunta ta.

Da yamma ta koma gida ta tarar da mijinta, tsohon direba ne da ya ajiye aiki, yana zaune a tsakar gida yana kwance wata rediyo da ba ta yi masa laifin komai ba. Ta ba shi labari tana cire takalmi tana huci.

"Maman Kati, kin kusa ritaya," ya ce. "Ki yi tunani."

"Na yi, Malam. In kai ne ka fita ka ɓace, so kake a sa hoton wani kyakkyawa a ce kai ne?"

"Ai ni ma kyakkyawan ne."

Ta harare shi, dariyar ta ƙi zuwa. Shi ma sai ya bar wasan. Ya ajiye sukundireba, ya laluba aljihu ya miƙo mata 'yar wayarsa. "Sa a naki shafin. Ki turo mini ni ma, ina da tsofaffin abokan tasha."

Ta sa a nata shafin, da hoton da ninkin da Auta, ta ce duk abin da zai faru ya faru. To amma su wa ke shafinta? 'Ya'yanta ne, da surukanta, da wasu da suka yi makaranta tare tun suna 'yan mata. Taron da ta yi shekaru tana tarawa, direbobin da 'yan kasuwar da matan gidan, duk suna can inda aka kwashe su, suna yi wa tsoho mai murmushi addu'a. Saƙonta ya fita yana rarrafe daga wannan waya zuwa waccan.

Baba Mai Ninki ya jira iyakar jiransa. Wata safiya ya nemi a ba shi rigarsa da ya zo da ita, ya shimfiɗa ta a cinya, ya shafe, ya ninke, ya ɗora a kan akwatin gefen gado. Ya tambayi mai shara ko Auta ta dawo. Kafin likita ya zo zagaye, tsohon ya cika. Aka ajiye shi iyakar lokacin da ƙa'ida ta ce, ba wanda ya zo. Ranar da ma'aikata suka fita da shi ta ƙofar baya, Maman Kati ta tsaya a bakin ƙofar har motar ta sha kwana. Rigar kuwa ba ta yarda an haɗa ta da kayan ƙonawa ba. Ta sa ta a leda yadda ya ninke ta, ta ajiye can saman kantocin ɗakinta, bayan tsofaffin fayil.

An ɗan jima bayan haka, wata rana layi ya yi tsawo har waje, sai wata mata doguwa siririya ta ratso shi ba ta ko ji zagin da ake mata ba. Ta zuro waya ta tsakanin sanduna. Hoton ya sha turawa har ya dusashe, amma shi ne.

"Ke ce Maman Kati? Wannan Babanmu ne. Wani direba maƙwabcinmu ya nuna mini ɗazu. Yana wane ɗaki?"

Maman Kati ta dube ta, ta ga goshin, ta ga tsayin. Ta rufe taga, ta zagayo ta buɗe ƙofa.

"Ke ce Auta?"

"Ni ce."

"Shigo, 'yata. Zauna."

Ta zaunar da ita a kujerarta, ta faɗa mata ba tare da kwana-kwana ba, don irin wannan magana ba ta da gefe mai laushi. Auta ta yi kuka irin na wanda ƙafafunsa suka gaji kafin idonsa. Da ta ɗan lafa sai magana ta ɓalle mata. Wanki da guga ya yi duk rayuwarsa, da shi ya rene su bayan rasuwar uwarsu. Da tsufa ya fara juya masa kai sai ya koma ganin ta 'yar makaranta, kullum yana bakin ƙofa yana jiran ta taso. Ranar da ya ɓace, ta je aiki ta ɗan makara, ya fita tarye ta. Sun duba ofisoshin 'yan sanda, sun duba asibitocin ɓangarensu, ba wanda ya zaci tsoho zai taka har wannan ƙarshen gari.

"Shafin ma'aikatar nan kuwa, Mama, ba ranar da ban buɗe shi ba. Sau ɗaya na ga an yi cigiya, gabana ya faɗi. Na buɗe hoton na ƙara masa girma, sai na ga wani tsoho ne daban, mai murmushi. Har addu'a na rubuta masa a ƙasa."

Maman Kati ta juya. Ta hau kan wani kwalin fayil ta sauko da ledar. Auta ta buɗe, ta ga ninkin, ta shafa shi da tafin hannu, ba ta warware ba. Ta rungume rigar ta miƙe, Maman Kati ta ce bari ta raka ta wurin waɗanda za su nuna mata kabarin.

Hanyar ta zauren jira take. A bangon zauren kuwa, tun makon da ya wuce, hedkwata ta aiko da wata ƙatuwar fosta aka manna, don an zaɓi saƙon nan a matsayin wanda ya fi kowane karɓuwa. Ga tsohon nan da gemunsa da furanninsa, a ƙasa an rubuta: "Muna kula da iyayenmu." Auta ta ja ta tsaya.

"Ga shi nan ma. Allah sarki. Mama, shi an samu nasa?"

Maman Kati ta so ta ce an samu, su wuce. Kalma biyu ce, kuma da ta rufa wa kowa asiri. Amma ta gaji da ganin ana sa wani abu a gurbin gaskiya don ya fi ta kyan gani.

"Wannan ba shi da kowa, 'yata, ba uban kowa ba ne. Daga kwamfuta aka ɗauko shi. Cigiyar da kika gani ta Babanki ce."

Auta ta kalli hoton, ta kalli rigar da ke ƙirjinta, ta sake kallon hoton. Sannan ta juyo ga Maman Kati.

"Ranar da na gani, yana raye?"

"Yana raye. Ya ƙara kwanaki yana tambayar ki."

"Mota ɗaya ce daga gidanmu zuwa nan," in ji Auta. Babbar nas ta zo ta kama hannunta suka tafi.

Maman Kati ta tsaya ita kaɗai a gaban fostar. Masu jira suna kallon ta, mai gadi yana kallon ta. Ta miƙa hannu ta kama kusurwar sama ta ɓanɓaro ta a hankali har ƙasa. Ta haɗa gefe da gefe, fuskar a ciki, ta ninke, ta sake ninkewa har ta yi kauri. Ta koma ɗakinta, ta zare tsohon kwalin da ke ƙarƙashin gajeriyar ƙafar kujera, ta cusa fostar a wurinsa. Ta zauna ta gwada, kujerar ba ta motsa ba. Takardar tuhuma na nan a kan tebur ba a amsa ta ba, ta ture ta gefe, ta goge ido da bakin ɗankwali, ta buɗe taga.

"Na gaba," ta ce. "Sunanka?"